Ziyarar Birnin Shehu Da Guzurin Talaka

Gabatarwa

Duk wanda aka haifa a ƙasar Boɗinga ko ta Shagari ya san hanyar Sakkwato tun yana goye. Asibiti ke kai mu, ko kasuwa, ko shari'a, ko biki, ko neman makaranta. Amma in aka tara mu aka tambaye mu wa ya gina birnin, a wace shekara, kuma saboda me, kaɗan daga cikinmu za su iya ba da amsa. Mun san tasha, mun san inda ake sayar da atamfa da sauƙi, alhali kuwa muna wuce ƙofar gidan Shehu ba mu ko waiwaya.

A wannan 'yar maƙala ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin wata ziyara ta yini biyu da muka kai birnin daga garinmu Dingyaɗi, ni da iyalin gidanmu. Nufina in nuna cewa tarihin Daular Usmaniyya, tun daga kafa birnin a 1809 har zuwa shigowar Turawa a 1903, yana nan a shimfiɗe a ƙasa, mai ƙaramin ƙarfi yana iya taka shi da ƙafarsa in dai ya san inda zai fara. Mu mutanen wannan yanki kuwa, mafarin yana bakin ƙofarmu.

Shiri da guzuri

Kakarmu ce ta tayar da maganar. Wata rana ta same ni ina bitar darasin tarihi, sai ta ce, "Kai mijina, kullum kuna karatun Shehu ga takarda, amma ba ku san ƙohwar gidanai ba. Ni ko rabona da Hubbare tun uwarka tana budurwa." Kawu yana kusa, ya ce, "Inna, in Allah ya kai mu kaka, bana sai mun kai ki."

Da aka kawar da amfanin gona muka zauna lissafi. Mu shida ne: Kaka, da mahaifiyata, da Kawu, da ni, da ƙannena biyu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake yi wa shawara kafin a taka, saboda haka muka tsai da ƙa'ida uku. Ta farko, ba za mu sayi abinci ba. Aka dama fura, aka turara dambu, aka ƙulle ƙuli-ƙuli da gyaɗa, aka cika jarka da ruwa. Ta biyu, ba za mu kama masauki ba, tun da muna da gwaggo da ke aure a cikin gari, kuma zumunci a ƙafa yake. Ta uku, duk inda ƙafa za ta iya kai mu ba za mu hau abin hawa ba, sai dai Kaka in ta gaji. Da haka kuɗin da aka samu daga sayar da 'yan tiyoyin gero ya isa zuwa da dawowa, har da ɗan canjin sadaka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sifawa da Boɗinga: inda labarin ya fara

Ba mu miƙe birni kai tsaye ba, sai da muka yada zango a Sifawa, muka yi nafila a masallacin Shehu da ke can. Ƙanena ya yi mamaki, don a wurinsa Sifawa gari ne kawai na maƙwabta. To, a nan ne ya kamata mai neman tarihin Sakkwato ya soma.

Masu karatu sun san an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1754, ya yi zamansa na karantarwa a Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto. Daga nan jama'a ta yi ta ƙaura cikin yunwa da yaƙi har ta zauna a Gwandu, kuma ba a sami sararin numfashi ba sai da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Bayan haka ne Shehu ya baro Gwandu ya zo Sifawa, ya zauna kimanin shekara biyar, har 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kusa da shi.

Waɗannan shekaru na Sifawa suna da nauyi ƙwarai. Yaƙin farko ya lafa, an shiga aikin da ya fi yaƙi wuya, watau tsara mulki. Shehu ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu, almajirai da masu neman fatawa suna zuwa daga ko'ina. Yana nan Sifawa, a 1812, ya raba kula da ƙasa gida biyu: yamma ya danƙa wa Abdullahi, gabas da arewa ya danƙa wa ɗansa Muhammadu Bello. Daga wannan rabo ne aka sami Gwandu da Sakkwato a matsayin cibiyoyi biyu. A wannan shekara Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, wanda har gobe shi ne babban madogara a kan tarihin jihadi, a shekara mai bi mata kuma Abdullahi ya tsara Tazyinul Waraƙati. Ashe ke nan akwai lokacin da ake aiko wasiƙa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, ana jiran amsarta daga wannan ƙasa tamu.

Da muka koma mota na ce wa yaran su lura da hanya, don wajen da muka dosa shi ne wajen da Shehu ya dosa a 1815 sa'ad da ya ƙaura zuwa Sakkwato. Abin da ke ɗaukar matafiyi na wancan zamani yini, mu bai ɗauke mu sa'a guda ba.

Ganuwa da ƙofofi

Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809. Kafin nan wurin ƙaramin ƙauye ne da sansani. Abin da ya sa ya zaɓe shi kuwa a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya duba: tudu ne mai tsawo, yana kallon fadamar da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu. Ga ruwa, ga ƙasar noma, ga makiyaya, kuma mahari daga Gobir ko Kabi ba zai iso ba a hango shi ba. Watau ribaɗi aka gina, garin tsaron iyaka, kafin ya zama babban birni.

An kewaye shi da ganuwa, kuma ƙofofinsa takwas da aka sani su ne Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Aliyu Jeɗo, da Ƙofar Kaɗe, da Ƙofar Dunɗaye. A yau ganuwar ta tafi, ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci nasu. Sunayen ne suka rage a bakin 'yan kabu-kabu, suna kiran su sau ɗari a yini. Sunan nan ma ba ƙaramin abu ba ne, don wasu ƙofofin suna gaya maka inda hanyarsu ta nufa, kamar Kware da Dunɗaye, wasu kuma suna riƙe da sunayen manyan daula, kamar Atiku da Aliyu Jeɗo, Sarkin Yaƙi. Na sa ƙanwata ta rubuta su a littafinta, duk wadda muka ratsa ta yi mata alama. Wannan wasa bai ci ko kwabo ba, amma ya hana ta kukan gajiya.

Hubbare

Da Shehu ya iso a 1815 bai shiga tsakiyar garin Bello ba. Ya sauka a yamma da shi, a inda ake kira Sabon Birni, daga baya aka faɗaɗa ganuwa ta haɗa da wurin. Shekara biyu kawai ya yi a nan, mafi yawanta cikin rashin lafiya, Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817. A gidansa aka rufe shi, gidan nan shi ne Hubbare. Saboda haka birnin da ake kira Birnin Shehu bai sami zamansa ba kamar yadda Sifawa ta samu, balle Ɗagel.

Ba a biyan kuɗin shiga. Akwai masu kula da wurin, akwai mabarata a bakin ƙofa, wanda ya ga dama ya yi sadaka gwargwadon hali. Mun tarar da maziyarta masu yawa, wasu daga maganarsu ka san daga Nijar suka fito. Muka yi sallama, muka yi addu'a ga mamata, muka fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin ƙawa. Mutumin da tutocinsa suka kai Adamawa da Nufe da Ilori, ga ɗan wurin da ya ishe shi. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa tufafinsa ba su wuce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya ba, kuma yakan tufka igiya a sayar ya ci daga guminsa. Ƙanensa Abdullahi ma, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a tun ana tsakiyar yaƙi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Wanda ya je gidan irin waɗannan mutane da fura a ƙwarya ba shi da abin jin kunya.

A Hubbare ne kuma aka rufe Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa mace mai hankali da shekaru ta zama jaji, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin addini su koma su koya wa na gida. Ina cikin yi wa yaran wannan bayani sai Kaka ta katse ni, ta ce ita ba a takarda ta san wannan ba, tana yarinya ta ga tsofaffin mata suna haɗa ɗan hatsi da zare su tafi ziyara a ƙungiya, suna tafe suna waƙa. A nan na gane cewa ziyarar talaka zuwa Sakkwato tsohuwar al'ada ce, kuma mata ne suka riƙe ta.

Daga masallacin Bello zuwa Giɗaɗawa

Daga Hubbare muka taka zuwa masallacin Shehu, sa'an nan muka nufi gabas wajen masallacin Bello da fadar Sarkin Musulmi. Masallatan nan biyu asalinsu ginin ƙasa ne, an sake su da ginin zamani a shekarun 1960, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Muka sami inuwa a kusa da Kanwuri muka buɗe guzuri, muna kallon dogarai da jajayen riguna suna kai da kawowa.

A wannan zama ne Kawu ya tuna mana wani labari da ya shafi ƙasarmu. Sa'ad da Shehu ya rasu, Malam Abdullahi yana Boɗinga. Ya taso zuwa Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofa. Ya juya bai ta da fitina ba, daga baya ya koma Gwandu da zama. Bayan 'yan shekaru, da tawaye ya tsananta masa a Kalambaina ta kusa da Gwandu, sai Bello ya kawo masa gudummawa, aka ci garin, a nan baffa ya gai da ɗan wansa a matsayin Sarkin Musulmi, aka shirya. Da Abdullahi ya zaɓi takobi a ranar da aka rufe masa ƙofa, da wuya daular ta kai shekara ɗari. Ya rasu a Gwandu, Bello kuma ya rasu a Wurno a 1837, a can aka rufe shi. Wurno tana cikin wuraren da muka so zuwa, amma aljihu ya ce a bari sai wani jiƙon.

Ba nisa da fada akwai unguwar Giɗaɗawa, ta zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Shi ne ya sauki Baturen Ingila Kilafatin, wanda ya zo a 1824 ya kuma dawo a 1826. A zuwansa na biyu ya kawo wa Bello kyautar littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Iƙlidisu, masanin Yunanawa. Bello ya yi murna, ya gaya masa cewa dā suna da kwafinsa a gidansu, gobara ce ta cinye. Kilafatin ya rasu a Sakkwato a 1827. A 1853 kuma Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iso zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin da baƙin nan suka tarar gari ne na malamai da masu sana'a. Jar fatar akuyar Sakkwato tana ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda ake kiran ta fatar Maroko saboda ta can take bi. Da la'asar muka ratsa Maƙera Assada, muka tsaya kallon maƙera suna dukan ƙarfe, kallo kuwa kyauta ne. Daga nan muka wuce gidan Gwaggo muka kwana.

Gidan tarihi da Giginya

Kashegari ne kaɗai muka shiga keke mai ƙafa uku, don wuraren da suka rage suna wajen tsohon gari. Muka fara da gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Wazirin nan, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, jikan gidan Giɗaɗo ne, shi ya rubuta Tarihin Fulani, kuma daga taskarsa da bakinsa ne Murray Last ya sami yawancin abin da ya gina littafinsa na 1967 a kan daular. A gidan tarihin akwai littattafai rubutun hannu, da wasiƙun sarakuna, da kayan yaƙi na dā. Yaran sun fi son takubba da sulke, ni kuwa wasiƙun ne suka riƙe ni, don da su aka yi mulkin ƙasa mai tafiyar watanni, ba waya ba mota. Mai son zuwa ya zaɓi ranar aiki.

Muka ƙare da Giginya. A filin nan da ke wajen ganuwa ta kudu ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Yaƙin bai daɗe ba, don doki da mashi ba su iya isa ga bindiga mai ruwa. Wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu har aka kashe su. Bayan wannan rana manyan Sakkwato suka rabu biyu. Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na shekarar aka kashe shi. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi komawa gari ya zauna da Turawa don kada a bar talakawa ba shugaba, ya kuma rubuta wa malamai dalilansa. Luga ya iso bayan 'yan kwanaki, aka naɗa Attahiru na biyu. Wanne ya fi daidai a cikin zaɓin nan biyu, tambaya ce da ta cancanci muhawara a zauren ƙungiyarmu.

Gari ya riga ya cinye filin. Sunan Giginya yana kan bariki da filin wasa da makaranta, amma ƙanena da ke zuwa kallon ƙwallo bai taɓa sanin sunan filin daga ba ne. Haka kuma Satiru, a kudu da birnin, ba nisa da mu, inda talakawa suka yi wa Turawa bore a 1906 aka rushe garin ƙurmus. Yara nawa ne a ƙasarmu suka san da ita?

Kammalawa

An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan wajen 2009, sai bayan fiye da shekara goma aka shiga maido shi. Waɗanda suka yi firamare a wannan tsakani su ne mu da ke jami'a yau. Ganuwa ta rushe, tsofaffin da suka ga 'Yan Taru da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da gini ya kasa riƙewa, kuma makaranta ta saki, in gida bai riƙe shi ba ya tafi ke nan.

Ba mu da uzurin cewa ba kuɗi. Abin da muka kashe mu shida bai kai abin da akan kashe a ɗinkin anko na biki ɗaya ba. Dingyaɗi ta ba Sakkwato Makama Sani Dingyaɗi, wanda wata makarantar sakandare a birnin ke ɗauke da sunansa. Shagari ta ba Nijeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Sifawa da Boɗinga sun sauki Shehu da Abdullahi. Ƙasar da ke da wannan rabo a tarihi bai kamata 'ya'yanta su riƙa shiga birnin kamar baƙi ba.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, in an yi hutu kowa ya ɗauki ƙannensa da wani tsoho na gidansu ya kai su gari mai tarihi mafi kusa da shi, ko Gwandu, ko Wurno, ko Argungu, ko Katsina, ko Daura, ko Zariya. Ya karanta kafin ya tashi, ya bi wuraren bisa jerin shekarunsu, ya bar tsohon ya yi magana, shi kuma ya rubuta. In ya dawo ya kawo wa wannan mujalla abin da ya samo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.